Girki da gashi a gidan katako a tsaunin Mambila: kek na zubewa, wake ya ƙi nuna

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Gidan katako ne a gona, can bayan garin Gembu a tsaunin Mambila, jihar Taraba, ba lantarki, ba firji, gas kuma sai an shiga gari. Abin girki murhun duwatsu uku ne da kurfoti. Matsala uku ce. Kek yana tashi a tukunya gwanin sha'awa, sai tsakiyarsa ta zube, ƙasa ta ƙone. Wake yana cin itace bai nuna ba. Burodi kuma wata rana ya kumbura har ya zubo daga kwano, wata rana ya ƙi motsi. Awon Kano nake yi, ban canza komai ba.

Hajiya Mai Kek: Wa alaikumus salam ƙanwata. Amsarki tana cikin maganarki ta ƙarshe. Awon Kano ba zai yi aiki a Mambila yadda yake ba. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, saman tsaunin kuwa kimanin mita 1,500 zuwa 1,600 ne. Iskar can ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, saboda haka kumfar da bakar hoda ke haifarwa a cikin kwaɓi tana buɗewa fiye da ƙima. Kek ya yi sama da sauri tun ƙwai da fulawa ba su kama jikinsu ba, sai ya rufta. Laifin ba na fulawa ba ne, ba kuma na hannunki ba.

Ga awo, da gwangwanin madara na ruwa: bota giram 250, fulawa gwangwani 3 a shafe ba a tula ba, ƙwai 5. A Kano za a sa sukari gwangwani ɗaya da rabi, bakar hoda ƙaramin cokali 2. A can ki mayar da bakar hoda cokali ɗaya da rabi, in har ya sake zubewa ki sauko ɗaya da kwata. Ki rage sukari babban cokali 2, domin yawan sukari yana raunana jikin kek. Ki ƙara ƙwai ɗaya ya zama 6, da madara babban cokali 3. Bugun bota da sukari ma kada ki wuce gona da iri, da ya yi haske ya yi laushi ki tsaya. Kuma rabin gwangwanin gashi kawai za ki cika.

Anty Talatu Jos: Hajiya ta gama magana a kan awo. A Jos ma, da tsayinta bai wuce mita 1,200 da ɗoriya ba, ana ganin haka kaɗan-kaɗan. Amma ƙonewar ƙasa wani zance ne daban, wannan wuta ce. Maman Sadik, garwashin duka a ƙarƙashin tukunya kike sawa?

Maman Sadik: Eh Anty, a kan kurfoti nake ɗorawa, in rufe da murfi. Yashi a ciki.

Anty Talatu Jos: To shi ke nan. Gashin tukunya wutar sama ce uwarsa. Ki kasa garwashinki uku, kashi biyu a kan murfi, kashi ɗaya a ƙasa. Na ƙasan ma kada ki tara shi a tsakiya, ki baza shi zobe a gefe-gefe, tsakiyar kurfoti ta zama fili. Na saman shi ma a jera shi a bakin murfi, biyu ko uku kawai a tsakiya.

Tukunyar dalma mai kauri za ki samu, wadda in kin sa gwangwanin gashi a ciki za a samu sarari yatsa biyu a kowane gefe, da kamar yatsa huɗu tsakanin kek da murfi. Yashi na rafi, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a zuba kaurin yatsa biyu. A kan yashin ki ɗora ƙananan duwatsu uku masu faɗi, ko gwangwanayen tumatir uku da aka ƙona fentinsu, gwangwanin kek ya zauna a kansu, kada ya taɓa yashi. Ki rufe tukunyar da yashinta, ba kek a ciki, da wutarta sama da ƙasa, minti 15 zuwa 20 kafin kek ya shiga. Yawancin kek ɗin da ke fitowa da danƙo a ciki, tukunya mai sanyi aka sa shi.

Gwajin zafi: barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki sa a ciki ki rufe. In ta yi ruwan zuma a minti 5, zafin ya yi na kek. In ta yi baƙi-baƙi a minti 2, ɗebe garwashi ki jira. In minti 5 ya wuce tana nan fara, ƙara wuta.

Ummu Hafsa: Anty ki yi haƙuri, ni dai ban yarda da yashi ba. Yashi yana shanye zafi ya riƙe, in ya yi yawa babu yadda za ki sauke shi da sauri, ko kin janye garwashi yana nan yana gasa ƙasan kek. Ga ƙura in an motsa. Duwatsun kaɗai sun isa, iska mai zafi ce ke yin gashin.

Anty Talatu Jos: Abin da kika kira aibinsa shi ne amfaninsa, Ummu Hafsa. Wutar gawayi ba ta tsayawa wuri ɗaya, yanzu ta ruru, anjima ta lafa, balle wurin da iska ke kaɗawa kamar saman tsauni. Yashin ne ke daidaita ta. Kuma tukunyar dalma da aka bari a kan wuta ba komai a gindinta tana iya lanƙwashewa ko ta huje. In yashi ya ƙona kek, an cika wutar ƙasa ne.

Ummu Hafsa: Ga ƙananan kek na gwangwanin kifi ko na kofi, waɗanda minti 15 zuwa 20 ya ishe su, ba sai da yashi ba. Babban kek na minti 50 na sallama miki.

Hajiya Mai Kek: Kun daidaita ke nan. Abu biyu da ba a faɗa ba. Kada a buɗe murfi kafin minti 25, domin sanyin da zai shiga shi kaɗai ya isa ya zubar da tsakiya. Sannan duk minti 10 zuwa 15 a juya tukunyar kwata, murfi kuma a juya shi ta ɗaya ɓangaren ba tare da an ɗaga ba, saboda koyaushe gefe ɗaya ya fi wuta. Lokacin buɗewa a fara kwashe garwashin sama, a hure tokar, a ɗaga murfi a miƙe, in ba haka ba toka ce za ta yi wa kek ado. In murfin mai tudu ne garwashi na gangarowa, a kifa shi ciki ya zama kamar faranti. Kada dai a rufe da guntun kwanon rufi. Ruwan tutiyar da aka shafa masa yana hayaƙi in ya ji wuta, hayaƙin kuma ba na shaƙa ba ne.

Malam Iro Magini: Salamu alaikum Hajiyoyi, a ba ni dama in sa baki ta fannin ginin, tunda an ce gidan katako ne. Kafin kek, a raba wuta da gidan. Kicin a yi shi daban da tubalin ƙasa, taku goma ko fiye daga ɗaki, da taga biyu suna kallon juna da ɗan sarari a ƙarƙashin rufi don hayaƙi. Katako da ya daɗe yana shan zafin murhu yana bushewa har ya zama tartsatsi kaɗan ya ishe shi.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Sanyin Mambila na sa mutane shigar da kurfoti ɗaki da dare su rufe ƙofa. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci mai nauyi, mutum ba ya ma sanin ya tashi ya buɗe ƙofa. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi shi ma yana fitar da ita, kada a ce ai ya gama ci. In ana son ɗumi, a gasa dutse ko tubali a kicin, a naɗe a tsumma a kai shimfiɗa.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri Malam. Murhun duwatsun fa, akwai gyara? Itace yana tafiya sosai.

Malam Iro Magini: Akwai, Maman Sadik. Duwatsu uku rabin wutar iska ce ke kwashe ta. A gina murhun laka. Ƙasar shuri ta fi, a haɗa da yashi da yankakkiyar busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta tsumu. Ba zan ba da awo ɗaya ba don ƙasa ta bambanta, gwaji ake yi: a dunƙula kamar ƙwallo a shanya. In ta tsage, a ƙara yashi. In ta marmashe a hannu, a ƙara laka.

A gina shi da tukunyar da za a riƙa amfani da ita. Ƙofar itace faɗin santimita 12 zuwa 15, ba fiye ba. Daga ƙasan murhu zuwa gindin tukunya taƙi ɗaya, wato santimita 18 zuwa 20. In ya fi haka harshen wuta ba ya kai wa, in ya gaza wuta na shaƙewa ta yi ta hayaƙi. Katangar ta rungumi tukunya har kusan wuyanta, a bar sarari kaurin yatsa a zagaye, ta nan zafi zai bi jikin tukunya ya fita. Dabarar samun sararin: a naɗe tukunyar da kwali a gina a jikinsa, in laka ta fara kamawa a zare. Ƙofar ta kalli inda iska ke fitowa. A bar shi ya bushe a inuwa mako biyu zuwa uku, da damina ma fiye, sannan a fara da ƙaramar wuta. Wanda ya yi gaggawa ya hura babbar wuta a ɗanyen murhu, tsagewa zai yi daga sama har ƙasa.

Itace kuma, abin da ya fi yawa a can zaiti ne, wato bishiyar turare. Yana ci da kyau in ya bushe, amma ɗanyensa hayaƙi da tartsatsi ne kawai. A faskare shi tun yana ɗanye, domin in ya bushe gatari tsalle yake yi a kansa. A jera a kan dandamali kada ya taɓa ƙasa, a rufe sama a bar gefe a buɗe, wata huɗu zuwa shida. Na gobe a jingina shi kusa da murhu yau.

Goggo Ladi: Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗauki wake. 'Yata, a tsayin nan ruwa yana tafasa a kusan digiri 95, ba 100 ba. Za ki ga tukunya tana ɓararraka, amma zafin bai kai na ƙasa ba, kuma ko itace nawa kika tura ba zai wuce nan ba, ruwan ne kawai zai ƙone. Don haka da ya tafasa ki ja itace baya, ki rufe da murfi mai kamawa, ki ɗora dutse a kai. Waken kuma a jiƙa shi tun dare, awa 8, a zubar da ruwan a sa sabo. Kanwa kamar ƙwayar gyaɗa ga gwangwani 4, a jiƙa ta a tace ruwan. Tumatir da duk wani abu mai tsami sai wake ya yi laushi, in ya shiga da wuri ya ɗaure shi ke nan.

Ummu Hafsa: Goggo, in an jiƙa ai kanwar ba dole ba ce. Tana kashe sinadarin bitamin B1 da ke cikin waken, in ta ɗan yi yawa kuma ya yi ja ya yi ɗanɗanon sabulu.

Goggo Ladi: Gaskiyarki 'yata, sabon wake jiƙo ya ishe shi. Amma waken da ya yi wata shida a buhu a wuri mai laima, ko kwana biyu ya yi a ruwa sai an taimaka masa. Shi ya sa na ce ƙwayar gyaɗa, ban ce dunƙule ba.

Ga kuma abin da ke rage itace fiye da komai. Samu babban kwando ko kwali, ki shimfiɗa tsohon bargo, ki cusa busasshiyar ciyawa ko tsummoki kaurin tafin hannu ta ko'ina. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai minti 20, ki sauke ba tare da kin buɗe ba, ki sa a kwandon ki lulluɓe har sama. Bayan awa 3 zuwa 4 ya nuna. Shinkafa minti 5 a wuta, minti 45 a kwando, ba ƙonewa ba ƙanzo. Sharaɗi biyu: tukunya ta kusa cika, don rabin tukunya saurin hucewa take yi, kuma in abin ya wuce awa 4 ko akwai nama a ciki, a sake tafasa shi kafin a ci.

Tuwon masara ma ki ba talge lokaci fiye da yadda kika saba, ƙarin kamar minti 10, bayan tuƙi kuma ya sulala da kyau. In ba haka ba za ki ji garin a harshe.

Anty Talatu Jos: Tukunyar furesha, mai kulle tururi a ciki, ita ce maganin tsayi kai tsaye, don tana ɗaga zafin tafasa. Jiƙaƙƙen wake minti 12 zuwa 15 daga lokacin da ta fara huci. Sai dai a kan gawayi, ba a kan itace ba, harshen wuta zai narkar da hannunta da robar murfi. Kada wake da ruwa su wuce rabinta, a ɗiga mai cokali ɗaya don kumfa kada ta toshe hancin.

Maman Sadik: Na rubuta duka. Saura burodi.

Hajiya Mai Kek: Burodinki abu biyu ke jansa, kowanne ta gefensa. Tsayi yana sa kwaɓi saurin kumbura, sanyi yana sa yis barci. Ranar da aka yi rana ko kika ajiye kusa da murhu, tsayi ya yi nasara ya zubo. Ranar hazo da ruwan sama, sanyi ya yi nasara. Don haka ki ajiye agogo, ki kalli kwaɓin.

Fulawa gwangwani 6, ruwan ɗumi gwangwani 2, yis ƙaramin cokali ɗaya da rabi maimakon 2, sukari babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bota ko mai babban cokali 3. Ɗumin ruwa irin na wankan jariri, ki gwada a bayan hannu. Ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi. Murza minti 10 zuwa 12 har ya yi santsi, in kin ja yana miƙewa bai tsinke ba. Ki sa a roba ki yi alama a inda ya tsaya, ki rufe, ki ɗora a kan tukunyar da ke da ruwan ɗumi, gindin robar kada ya taɓa ruwa. Da ya ninka ki danne shi ki fitar da iskar, ki bari ya sake tashi sau ɗaya, wannan tashi na biyun ne ke ba shi ɗanɗano da jiki. Sai ki naɗe ki sa a gwangwani. A nan ake kuskure: kada ki jira ya ninka. Danna da yatsa, in ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba, ya shiga tukunya. In ramin ya tsaya bai motsa ba, ya wuce, ki sake murzawa ki naɗe. Zafin ya ɗara na kek, fulawar gwaji ta yi ruwan zuma a minti 3. Minti 35 zuwa 40. Ki ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi amo kamar ganga ya gasu.

Da damina fulawa tana shan laima, ki riƙe kwatan gwangwani na ruwan sai kin ga tana buƙata. Da hunturu kuma za ta nemi ƙari. Yis a sayi ƙananan ƙulli, babban leda in an buɗe ba firji ba ya daɗewa. Kafin kwaɓi a gwada shi a ruwan ɗumi da ɗan sukari, in minti 10 bai yi kumfa ba a zubar, kada a yi asarar fulawa. Bakar hoda kuma a ɗiga a ruwan zafi, in ba ta yi shuu ba ta mutu.

Goggo Ladi: In yis ya ƙare gari ya yi nisa, kindirmo ai a ƙofar gida yake a Mambila. Fulawa gwangwani 6, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, soda ta girki kashi uku cikin huɗu na ƙaramin cokali, kindirmo gwangwani biyu da rabi. Soda fa, ba bakar hoda ba, ita ce ke aiki da tsamin nono. Ba a murza shi, a haɗa kawai ya kama jikinsa, a mulmula, a tsaga samansa giciye da wuƙa har kusan rabi don zafi ya shiga ciki, ya wuce tukunya nan take. Minti 40 zuwa 45. Ranar ake cinye shi, kwana ɗaya yake yi ya yi tauri.

Baba Mai Tanderu: Ni kuwa sai in ce a rage wa kai wahala, a yi gurasa. Kwaɓin burodin nan na Hajiya, a cire botar, a ƙara ruwa rabin gwangwani ya yi laushi yana kama hannu. Ba tanderu ba matsala. A ɗora tukunyar dalma a wuta ta yi zafi, a jiƙa hannu a ɗebo kwaɓi, a faɗaɗa a manna a gindin tukunyar ta ciki. Kada a shafa mai, in an shafa faɗowa za ta yi. Minti 2 zuwa 3 in ƙasan ya kama sama ta fara huda-huda, a kifa tukunyar a kan garwashi fuskar ta gasu. A ɓamɓare da wuƙa. Kwatan gawayin burodi ya ishe ta, kuma tsayi bai dame ta ba tunda ba wani tudu ake nema ba.

Ummu Hafsa: Tambaya ga Hajiya: man shanu zai maye bota a kek ɗin? Can ya fi sauƙin samu.

Hajiya Mai Kek: Ɗanyen man shanu zai yi, a wanke shi a ruwan sanyi sau uku ko huɗu har ruwan ya fita garau, tsamin ya tafi. Awo ɗaya da bota. Soyayye kuwa ba ruwa a jikinsa kuma ba ya riƙe iska in an buga, sai a sa giram 200 a ƙara madara babban cokali 3 a kan na farko, a buga ƙwai da sukari su yi kumfa, man ya shiga daga ƙarshe. Kek ɗin zai fi nauyi kaɗan, ƙamshi kuwa ba a magana.

Anty Talatu Jos: Batun firji, a gwada tukunya cikin tukunya, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu na ƙasa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma.

Malam Iro Magini: Anty, a Jigawa tana aiki don iskar a bushe take, ruwan yashin yana tashi ya tafi da zafi. A Mambila da damina iska a jiƙe take, ruwan ba inda za shi, sai dai kayan miya su yi fumfuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu za ta yi amfani. Sauran watanni akwatin raga ya fi, a rataye a gefen gidan da rana ba ta bugawa, ƙafafu ko igiyar a shafa mata mai saboda tururuwa.

Goggo Ladi: Haka ne. Kilishi ma kada a sa rai da shi da damina a can, nama zai yi wari kafin ya bushe. A yanka ƙanana, a dafa da gishiri har ruwan ya tsotse, a soya ya bushe, a zuba a kwano mai murfi man ya rufe shi ruf. Ko a yi banda a kan waya a saman murhu, a riƙa juyawa kullum. Markaɗen kayan miya a dafa har ya kafe ya fara kama tukunya, a kwarara mai a kai kaurin yatsa, cokalin ɗiba ya zama busasshe. Miyar da ta kwana a tafasa ta safe da yamma, tafasa ta gaske minti 10, tunda ruwan can bai kai zafin na ƙasa ba, kuma bayan tafasar dare kada a sake sa ludayi.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Fanke fa? Yana yin ja a waje, ciki ɗanye.

Hajiya Mai Kek: Rage wutar man kaɗan, ki rage girman ɗiba, yis ɗin ma ki rage kwata. Gwada da ɗigon kwaɓi: ya nutse ya taso cikin daƙiƙa uku ko huɗu. In ya taso nan take yana ja, janye itace ɗaya ki jira. Kuma murfin da ya rufe kaskon da bokitin yashi su kasance kusa da hannunki kafin ki ɗora mai, in ya kama wuta murfi ake kifawa, ba a zuba ruwa.